Inna, Sun Ce Kin Saci Waƙarki

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwar da ta kamaci mahaifiya, ina sanar da ke cewa an tuhume ki da sata, shekaru bayan mun kai ki makwanci.

Ranar da matan ƙauyenmu na yankin Sandamu suka taru yin daɓe a sabon ɗakin Yaya Hadiza, ke ce mai ba da waƙa, suna amshi, suna bugun ƙasa. Kika sako zancen ɗan kwangilar da ya bar mana rijiya rabi: “An tona, an tona, ƙishirwa aka tarar a ƙasa.” Na ɗauka da wayata. Kika harare ni kika ce in ajiye abin nan in kama madaɓi.

Bayan rasuwarki na sa bidiyon a shafina na intanet, inda nake tara muryoyin matan karkara. Mutane suka yi ta yaɗa shi. Ɗan kwangilar bai musanta ba. Ramin yana nan, awaki na faɗawa. Sai aka samo wani mawaƙin birni da ya taɓa ɗaukar amshin daɓenku ya yi masa rajista, aka kai ƙorafin satar waƙa wurin masu dandalin da sunansa. Aka sauke ki daga shafin, Inna. Ba alƙali, ba shaida. Amshin da kika koya a bakin kakarki ya zama dukiyar mutumin da bai taɓa riƙe madaɓi ba.

Yanzu ana neman dokar da za ta ba da damar rufe shafi dungurungum a kan ƙorafi irin wannan. Na karanta ƙudurin layi-layi. Ban ƙi mawaƙi ya ci guminsa ba. Amma dokar da ke rufe baki kafin a saurari mai shi, masu ramuka za ta yi wa aiki. An gargaɗe ni: in na sake sa ki, shafin zai tafi da muryoyin duk sauran matan.

Ba zan jefa su a haɗari ba, ba kuma zan yi shiru ba. Kin sha cewa muryata ko kaza ba ta kora. Da ita zan tashi ranar da ’yan majalisa za su saurari ra’ayoyin jama’a a kan ƙudurin, in rera baitinki a gabansu. Su nemi abin da za su danna su sauke ni.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke ruwan Alkausara.

’Yarki,
Rabi