Littafin da Ba Ya Cika

Garhanga, 9 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Mu'awiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya a Abijan, kai da Rahila da yara. Allah ya tsare ka a sama, ya sauke ka lafiya. Mu nan lafiya lau, sai gajiya. Ruwa ya ɗauke mana kwana goma sha biyu, amma ya dawo, hatsi ya fara fitar da kai. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum. Baba kuwa idonsa ya ƙara ja baya. Likitan Keita ya ce na hagu ya tafi, na dama ma inuwa kawai yake gani.

Sai maganar aikin da ka ɗora mini. Ka ce kamfaninku ya daina littafin takarda, yanzu a na'ura matuƙin jirgi yake rubuta awowin tashinsa, don haka in ɗauki hoton kowane shafi na littattafanka uku da ke ɗakin Baba in turo maka. Har ka ce aikin rabin awa ne. Mu'awiya, ka daɗe a sama, ka manta yadda ƙasa take. Yau sati uku ke nan ina abu ɗaya. Rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shigowa gidanmu. Sai na tashi daga lakwal, bakina ya bushe da koyarwa, in hau tudun bayan rijiya da rana tsaka, in ɗaga waya sama ina jiran hoto ɗaya ya gama juyi. Sannan ka aiko cewa yatsana ya rufe lamba a shafi na arba'in. Na sake hawa. Wallahi na gaji, ƙafafuna har sun kumbura.

Amma ba gajiyata ta sa na ɗauki biro ba. Ban sani ba ko ka san cewa kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, Baba yakan sa in karanta masa shafi guda. Ba ya jin faransanci, amma ya san ranar da ka fara tashi kai kaɗai, ya san sau nawa ka sauka Agadas. In na kai inda ka sa hannu, sai ya ce in ɗora masa yatsa a wurin.

Juma'ar da ta wuce ya tambayi abin da ke kai ni tudu kullum, na yi masa bayani. Sai ya tambaye ni yaushe littafin cikin na'urar zai cika. Na ce shi ba ya cika. Ya ce ko da shekara goma? Na ce ko da hamsin. Sai ya ce in mayar da littafin akwati, ranar bai nemi karatu ba. Inna ce ta fahimtar da ni abin da ban lura da shi ba: cikin shekara tara sau uku ka zo gida, kuma kowane zuwa littafi ne ya cika ka kawo ajiya. Ashe Baba na huɗu yake jira. A ƙiyasinsa bana da kaka zai cika.

To, ga abin da na yanke, in ka ga dama ka yi fushi. Na turo komai, ban da shafi goma sha ɗaya na ƙarshen littafi na uku. Na san ka ce sai awowinka sun cika a na'ura kafin ƙarshen Oktoba za a ba ka babban jirgi. Ban hana ka ba, shafukan suna nan cikin akwati, ko gara ba ta taɓa su ba. Hoton wannan wasiƙa shi ne hawana tudu na ƙarshe. Ka zo ka ɗauka da hannunka. Daga Abijan zuwa Yamai bai kai awa biyu ba, a littafinka na karanta. In ka iso tashar Keita, maƙwabcinmu Hamani zai ɗauko ka da babur.

Ka gaishe mini da Rahila, da yara Fatiha da Munir. Inna tana gaishe ku, ƙanwarmu Indo ma haka. Baba bai san na rubuto ba. Ka zo tun yana iya gane inuwarka a bakin ƙofa.

Yayarka,
A'i