Awa Huɗu a Tafiya, Takwas a Dawowa

Malama mai ba da shawara, ki taimake ni, shekara shida ke nan abin nan yana cina. Ban yi boko ba, telan da ke ƙofar gidana ne yake rubuta mini, na kuma ce kada ya gyara mini magana.

Shekara arba'in na yi ina tuƙa babbar mota. Ban taɓa ganin hanyar da tsawonta a tafiya daban, a dawowa daban ba. To 'yata tana aure a wata ƙasa, suka aiko mini da tikitin jirgi. Takarda ta ce tashi ƙarfe tara na safe, sauka ƙarfe ɗaya. Awa huɗu. Dawowa kuma tashi ƙarfe tara, sauka ƙarfe biyar. Takwas! Filin jirgin nan biyu ba wanda ya matsa daga inda yake. Ni dai barci na yi duka biyun, saboda sanyin da suke sakar wa mutum, amma a ganina direban jirgin ɓata ya yi, ko ya tsaya ɗaukar kaya a wani wuri.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ina sauka surukina ya kama hannuna, ya murɗa agogona baya, ko neman izini babu. Da na yi tambaya sai ya yi dariya a gaban yara, wai lokacinsu daban. Lokaci gonar ubansa ne? Na ce masa maƙaryaci, ban sake taka gidansu ba. Yanzu 'yata ta haihu har biyu ban gansu ba, ta sake aiko da tikiti, tana kuka a waya. Uwargidana ta ce taurin kai zai kashe ni. Ni kuma ba zan hau ba sai an gaya mini inda awa huɗun nan suka shiga. Wani ya ba ni amsa!

Tsohon Direba

Baba, ranka ya daɗe, a kan hanya kana da gaskiya: tsawonta ɗaya ne, kuma direban jirgi bai ɓata ba. Awa shida ka yi a sama zuwa, kusan shida dawowa, sai ɗan abin da iska ta ƙara ko ta rage.

Ga inda aka rikice. Garinsu yana yamma da naku, rana takan fito a wurinku awa biyu kafin ta fito a wurinsu, don haka agogonsu yana bayan naku. Tikiti kuwa lokacin tashi da agogon garin da aka tashi ake rubuta shi, lokacin sauka da agogon garin da aka sauka. A tafiya an cire biyu daga shida, a dawowa an ƙara biyu. Idan ba ka yarda da ni ba, wannan karon ka hana kowa taɓa agogonka, ka sa rigar sanyi, ka ƙirga da kanka.

Surukinka ya yi rashin ladabi, ba a murɗa agogon babba ana dariya. Amma bai yi ƙarya ba, kai ma kalmar da ka jefa masa tana da nauyi. Ku yafi juna. 'Yarka kuwa ba ta taɓa agogon kowa ba, ita ce aka hana ganin mahaifinta shekara shida. Ka kira ta yau, ka ce ta gyara maka ɗaki. Allah ya kai ka lafiya, ya sa jikokin su saba da kai da wuri.