Kunnena na Hagu

Yaya Nashida,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Inna, kumburin ƙafar ya sauka? Ya su Thoha da makaranta? Ni lafiya lau. Jirginmu yana tsibiran Ari da baƙi masu nutso.

Akwai 'yar magana. Ranar Talata na shiga ruwa da baƙi huɗu kallon murjani. Igiyar ruwa ta ja wata dattijuwa ƙasa, ta rikice. Na bi ta da saurin da bai kamata ba, na riƙo ta, muka hauro a hankali. Ita ba abin da ya same ta. Ni ne kunnena na hagu ya ɗan yi jini.

Likita a Male, babban birni, ya ce dodon kunnen ne ya fashe, wata uku ba nutso, daga nan a gani. Kyaftin Waheed ya mayar da ni cika tukwanen iskar da masu nutso ke shaƙa. Ya ce, "Kai ka huta ma, rabin faɗana kawai za ka riƙa ji."

Aikin ba wuya. Sai dai in kowa ya faɗa ruwa, ni ina kwale-kwale ina bin kumfarsu da ido.

Ki aiko min da kwalbar rihaakuru, romon kifin nan mai kauri, na gaji da cin shinkafa gaya. Kar ki gaya wa Inna, kin san tun da teku ta ci Baba ba ta son aikin nan. In ta ce ina sa ta maimaita magana a waya, ki ce iska ce ta yi yawa a nan.

Allah ya tsare min ku.

Ƙaninki,
Ziyad