Ba Girma Ba Ne, Tsargiya Ce

Yaya Hamman,

Assalamu alaikum. Ya Inna, ya shanu? Mu nan Ƙofar Marusa lafiya lau, sai dai barci ya ƙi zuwa tun rasuwar maigidana Malam.

An ce ɗana Yahaya da ke wurinku yana fitsarin jini, kuna cewa girma ne ya zo masa. Yaya, tsargiya ce. A kan lissafinta Malam ya ƙare shekarunsa a jami'a. Ban gane lambobinsa ba, amma na riƙe cewa idan tafki ya ja baya, dodon koɗin da ke ɗauke da ita ya taru, cutar ta fi kama yara.

Takaba ta hana ni fita. Don Allah ka kawo shi asibiti, wani ya shayar da shanun a tafkin maimakonsa. Shi kaɗai Malam ya bar mini.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Halimatu