Hoton Albasa Ɗaya da Ya Kusa Raba Kaka da Gonarta

Aliero, Jihar Kebbi
18 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Yayata Salma, a Abijan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda da a buhu ake zuba ta da sai an nemo tirela biyu, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Murtala da yara. Allah Ya ƙara muku rufin asiri, Ya raya zuri'a, Ya sa baƙunta ta zama alheri. Mu nan gida kowa lafiya. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, har ta koma zuwa islamiyya da ƙafarta. 'Yar'uwarmu Fadila ta sauka lafiya, an samu namiji, an raɗa masa Lukman. Na duba shi da idon basira na tabbatar da cewa hancina ya ɗauko, ko da yake dangin uban sun ƙi amincewa da sakamakon wannan bincike.

Bayan haka, Yaya, na ɗauki alƙalami ne a matsayina na Babban Daraktan Sarrafa Bayanai na Ƙasa da Ƙasa na gidan albasar Baffa Sambo, muƙamin da na naɗa kaina ba tare da hamayya ba, tun ranar da kwamfutar da kika aiko mini ta iso. Kin san Baffa ya shekara ashirin yana loda albasa zuwa Legas da Kwatano da Kumasi, kuma duk iliminsa a ka yake ajiye shi. Da na gama jami'a sai na buɗe masa shafi a intanet, har kashi uku: na Legas da Turanci, na Kwatano da Faransanci, na Kumasi da Hausa da Turanci. A zamanin farko na mulkina kowane shafi zaman kansa yake yi, in na gyara ɗaya sai na tuna na gyara sauran biyun. Tunawar ce ta gagara. Shafin Kwatano ya yi wata biyar yana yi wa jama'a barka da Babbar Sallah, yana kuma tallan farar albasar da ta ƙare tun kafin a yanka raguna.

Ganin wannan abin kunya, sai na ƙaddamar da gagarumin juyin juya hali. Na haɗe shafukan nan uku a ƙarƙashin rumbun bayani guda, ta yadda duk abin da na rubuta sau ɗaya zai bayyana a ƙasashe uku cikin ƙiftawar ido. Don ƙawata wannan sabon zamani, na hau babur har Andarai, gonar abokina Surajo, na zaɓo wata albasa mai girman kan jariri. Na goge ta da bakin rigata, na ɗora ta kan farin ƙyalle, na ɗauke ta hoto ta fuska huɗu kamar amarya. A ƙarƙashinta na rubuta cewa gidan Sambo gidan manya ne, kuma manya kawai yake sayarwa. Na danna maɓalli guda, ta tafi duniya. Masu otal na Legas suka yi ta bugo waya, ni kuwa na yi mako guda ina tafiya a kasuwa hannuwana a baya.

A nan ne ya kamata ki gyara zama. Kin san gonar Kaka Dije ta Jandutsi, wadda marigayi kakanmu ya bar mata, ba ta taɓa haifar babbar albasa ba. Ƙanana take yi, jajaye, masu yajin da ke sa ƙato hawaye. Kin kuma san duk shekara Alhaji Sa'idu na Kumasi ne ke kwashe su gaba ɗaya, domin matan da ke saye a wurinsa kashi-kashi suke sayarwa, ƙananan ne ke cika musu faranti. Abin da ba ki sani ba shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla bara. Baffa ya matsa wa Kaka ta bar noma ta dawo Aliero ta huta, ita kuwa ta ce hutu a kabari ake yin sa. Suka rabu a kan cewa duk shekarar da albasarta ta ruɓe a rudu, wato rumfar ajiyar albasa, ba a sayar ba, to gonar ta fi ƙarfinta, za ta miƙa ta ga Baffa ta tattaro kayanta. A gaban Inna aka yi wannan magana, kuma kin san Kaka ba ta janye abin da ta faɗa.

To, bana aka cire albasa, aka jibge a rudu, aka zauna jiran wayar Alhaji Sa'idu. Mako ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, har shida. Baffa ya ƙi kiransa, wai kada ya zama kamar yana tallan kansa ga mutumin da ya canza gida. Rufin rudun Kaka kuwa ya tsufa, albasa ta fara fitar da koren kai, hadari kuma ya soma leƙowa ta gabas kowace yamma. Inna ta je ta tarar Kaka ta fiddo tsofaffin kwanukanta na jere tana wankewa tana jerawa a kwali. Inna ta dawo ranar ba ta ci tuwo ba.

Hamidu direba ne ya warware mana ƙullin. Ya dawo daga Kumasi ya ce ya haɗu da Alhaji Sa'idu a tasha, Alhajin ya ba shi saƙon taya murna ga Baffa bisa ɗaukakar da Allah Ya yi masa. Ashe ɗiyarsa ce ta nuna masa amaryar Andarai a waya, ta karanta masa bayanina mai hikima. Dattijon ya fahimci cewa gidan Sambo ya girma ya wuce masu ƙananan kaya irinsa, kuma kunya ta hana shi tambaya. Wato dattijai biyu, aminan shekara ashirin, kowanne ya yi wata ɗaya da rabi yana zaune a ƙasarsa yana haƙuri da wulaƙancin da ba a yi masa ba. Marubucin wannan fitina kuwa shi ne mai rubuto miki wannan takarda.

Baffa bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya dubi kwamfutar, sannan ya yanke hukuncin cewa in tafi Jandutsi in faɗa wa Kaka da bakina. Na tafi da jawabi mai sakin layi huɗu a aljihu. Na same ta a rumfa da mata shida suna tsintar albasa a gaban wani tsibi na kayan da Baffa ya saro daga gonakin ƙauyen, wanda ya kusa kai ƙirjina. Ban kai ƙarshen sakin layi na farko ba ta katse ni, ta ce wa matan ga mijinta nan da ta kashe kuɗin kunu a kansa ya je ya yi karatu, ya dawo ya auro mata kishiyar albasa daga Andarai. Ta ce tunda hannuna ya iya danna maɓalli, ya iya tsinta. Aka matso mini da kujerar tsuguno. Darakta ya tuɓe agogo.

Kwana uku na yi a gaban tsibin nan, Yaya, kuma abin da na gani ban same shi a aji ba. Kowace albasa da ta shiga hannun matan nan, kafin ta bar shi an san ƙasar da za ta. Manya su faɗa dama, matsakaita masu kaurin ɓawo da ke jure doguwar hanya su faɗa tsakiya, ƙanana su faɗa hagu. In buhu ya cika, zaren da aka ɗinke bakinsa shi ke faɗin inda ya nufa: fari na Legas, shuɗi na Kwatano, ja na Kumasi. Tambarin gidan Sambo ɗaya ne a jikin kowane buhu, zaren ne ya bambanta. Kuma kowane zare da mai riƙonsa, babu wadda ke taɓa na wata. Da na tambayi Kaka wa ya koya musu wannan tsari, sai ta dube ni da tausayi ta ce, "Tsibin guda na, maigida, amma masu saye ba guda ba na. Kai ka aike ma kowa abin da ya burge ka, ba abin da shika so ba."

A yammacin rana ta biyu na hau tudun bayan gari, inda waya ke samun sabis in mutum ya fuskanci Jega ya daina motsi, na sake gina daular tawa bisa tsarin zare. Abin da ya zama tambari, wato sunan gida da lambar waya da tarihinmu, na bar shi a rumbu guda, in an gyara sau ɗaya ya gyaru ko'ina. Hoto da girman kaya da harshe da kalmar talla kuwa, kowace kasuwa na ware mata nata ɗaki da nata mabuɗi. Amaryar Andarai na tsare ta a Legas, inda ake ƙaunarta. A shafin Kumasi na sa hoton tafin hannun Kaka ɗauke da albasa biyar, da lallen da ya fara gogewa da komai.

Na sauko ina shelar cewa an shawo kan rikicin ƙasa da ƙasa. Kaka ta ce hoto ba ya ba da haƙuri. Ta sa na kira mata Baffa, ta umarce shi, a gaban mata shida da Darakta guda, da ya kira amininsa kafin la'asar, in ba haka ba ita za ta hau motar Hamidu ta je Kumasi da kanta. Baffa mai furfura ya amsa da to, kamar yaron da aka aika awo. An ce da wayar ta shiga, minti goma suka yi suna gaisawa, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Daga ƙarshe Alhaji Sa'idu ya ce ɗiyarsa ta nuna masa wani hannu da ya sani, Baffa kuma ya ce yaran zamani ne, sai haƙuri. Ban ji daɗin yadda aka taƙaita muƙamina zuwa yaran zamani ba, amma na haƙura saboda maslahar ƙasa.

Saura tsere da hadari. Alhajin ya riga ya yi alkawarin sayen rabin mota a wani wuri, don haka sai da ya nemi wani maƙwabcinsa suka haɗa hannu wajen ɗaukar lodin Kaka. Muka kwana biyu muna tsinta da ɗinki, ana ware wadda ta tsira da wadda ta yi laushi. Buhu bakwai suka lalace, kuma Kaka ta sa na kwashe su da kaina zuwa juji, ta ce sadakin kishiyar ke nan. Sauran hamsin da uku suka hau mota ranar Alhamis da hantsi, kowanne da jan zarensa. Ranar Asabar aka yi ruwan farko, irin mai iska, ya yaye rabin rufin rudun ya jefa shi a gonar maƙwabta. Rudun babu komai a ciki sai ɓawo. Baffa ya je ya tsaya ya duba, ya ce bakwai cikin sittin ba ruɓa ba ce, gona tana hannun mai ita. Da yamma Kaka ta fiddo kwanukanta daga kwali ta mayar da su inda suke, sannan ta aika a faɗa wa Baffa ya turo mai gyaran rufi.

Yanzu ga dalilin da ya sa na rubuto da hannu maimakon in kira ki. Baffa yana so a buɗe kasuwa ta huɗu a wurinku Abijan bayan damina. Da a zamanin jahiliyyata ne, da na fassara shafin Kwatano na manna, tunda duk Faransanci ne. Yanzu na san ban san abin da matan kasuwarku ke so ba. Hamidu zai ba wani abokin aikinsa wannan takarda tare da ƙaramin buhu mai albasa iri uku. Ina roƙonki ki kai su kasuwar da kike cefane, ki nuna wa masu sayarwa, ki lura da wadda hannunsu ya fara kaiwa gare ta. Ki ji kalmar da suke yabon albasa da ita, da girman buhun da suka saba, da ranakun da ba a ciniki. Ɗakin Abijan na gina shi, babu komai a ciki, kuma na yi alkawari ba zan sa ko wasali ba sai da izininki. Lambar sirrin shiga zan faɗa miki ta waya. Ainihin takardar naɗinki na mai riƙon ɗakin Abijan kuwa tana cikin ambulan: za ki ga guntun koren zare. Kaka ce ta zaɓi launin, ta yanke shi da haƙorinta, ta ce in gaya miki kada ki bari mijinta, wato ni, ya taɓa shi.

Ki gaishe mini da Malam Murtala da kyau, da Sadiya, da Mas'ud wanda na ji an ce ya fi ni Faransanci, abin da zan bincika in mun haɗu. Inna tana gaishe ku, Baffa Sambo da Fadila da angon ƙarni da Lukman duk suna gaisuwa. Kaka ta ce ki aiko mata da man zafi irin na bara. Allah Ya sada mu da alheri, Ya kai wannan takarda hannunki kafin albasar ta tsira.

Naki ƙane mai biyayya,
Shafi'u
Tsohon Babban Darakta, wanda bisa umarnin Kaka Dije aka sauke zuwa muƙamin Mai Miƙo Zare.