Hannunka Na Hagu, Malam

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da kana raye ma turawa za ka yi ƙarƙashin buzu ka ci gaba da laziminka, don haka ban yi asarar komai ba.

Gida lafiya. Inna ta fita takaba, sai ciwon gwiwa da ke damunta. Katangar zaure ta tsage da damina, mun yaɓe. Magidantan da ke zuwa ɗaukar karatu sun koma wajen ƙanenka Baffa Isa, shi ne babba yanzu a gidanmu na Gobarau, har tafiyarsa ta canza.

Lasisin nan kuma ya fito. Hukuma ta amince ni mai tausa ne, na rataye takardar a shagona na Ƙofar Marusa. Maza zalla nake gani: 'yan acaɓa da bayansu ya riƙe, 'yan dako, da tsofaffin da ɓarin jikinsu ya shanye kamar yadda naka ya yi. Akwai wani dattijo mai sayar da goro da aka kawo shi a goye, yanzu da kansa yake ɗaga buta. Ranar da ya ɗaga, iyalansa sun yi ta murna, ni kuwa na shige banɗaki na yi kuka, saboda kai na tuna.

Malam, wa ya koya min sana'ar nan? Ba kai ba ne? Ina ƙarami, in ka tashi daga karatu bayanka ya ƙage, kwanciya kake yi rub da ciki ka ce in hau in tattaka. Kai ka nuna min inda ake sa dunduniya da inda ba a sawa. Kullum sai ka sa min albarka. Da na girma na tafi Kaduna na koyi abin a makaranta, na san jijiya da tsoka da gaɓa, sai albarkar ta zama abin kunya. Baffa Isa ya zo ya zuba maka cewa aikin 'yan otal ne, ɗan malam ya koma shafa wa ƙarti mai. Ba ka kira ni ka tambaye ni ba. A gaban ɗalibanka ka ce muddin wannan ce sana'ata, hannuna ba zai ƙara taɓa jikinka ba.

Ka cika alkawari, wannan kam na shaide ka.

Da hawan jini ya kayar da kai, na dawo da man zaitun da tawul na durƙusa a bakin gadonka. Bakinka ya karkace, magana ta gagara, amma hannun dama yana aiki, da shi ka nuna min ƙofa. Kowa ya taɓa ka. Wanzami ya yi maka ƙaho. Wani mai magani daga ƙauye ya ja hannun hagun da ya shanye da ƙarfi har ka yi fitsari a zaune. An shafa maka abin da ban san sunansa ba. Ni kaɗai aka hana, ina tsaye daga tsakar gida ina kallon hannunka na hagu yana naɗewa a ƙirjinka, yatsun suna shigewa cikin tafi kullum, alhali na san yadda ake hana su. Ban ce zan tashe ka ba, Malam, tashi na Allah ne. Amma da na rage maka zafi. Me zai ragu a martabarka in ɗanka ya riƙe maka hannu?

Ba ka san abin da ya faru ranar wankanka ba, bari in gaya maka. An haɗa ruwan magarya, aka zo alwala, hannun ya ƙi buɗewa. Ba za a yi maka alwala da dunƙulallen hannu ba. Baffa Isa ya kama yatsun yana ɓamɓara kamar mai ɓare gyaɗa, har liman ya tsawatar kada a karya. Sai suka dubi juna, aka ce a kira ni. Baffan nan da bakinsa ya kira sunana.

Ban fara daga yatsu ba, hannu ba daga yatsu yake buɗewa ba. Na jiƙa ƙyalle da ruwan ɗumi na naɗe damtsen, na bi tsokar a hankali har wuyan hannu, na tanƙwara shi, yatsun suka fara saki ɗaya bayan ɗaya. Da tafin ya buɗe kowa ya kau da kai. Faratanka sun huda naman, wurin ya zama gyambo, ya ruɓe. Watanni kana ɗauke da wannan, ba wanda ya gani, kai kuma ka gwammace shi a kan hannuna.

Na wanke shi, na tsane, na sa turare. Na daɗe riƙe da hannun har sai da liman ya dafa kafaɗata.

A maƙabarta an ce duk wanda ka ɓata wa ya yafe. Na ce na yafe, kowa ya ji. Baki ne ya faɗa, Malam. Har yau ina fushi da kai, kuma ban gaya wa kowa ba, ko Inna. Ina yi maka addu'a bayan kowace salla, fushin yana nan a gefen addu'ar, ban san wanne ke fara isa gare ka ba.

Baffa Isa ya aiko a makon nan, wai wuyansa ya riƙe, in zo in duba shi, amma in shiga ta ƙofar baya kada ɗalibai su gani. Zan je, ciwo ciwo ne. Sai dai ta zaure zan shiga, da tawul ɗina a kafaɗa, in bi ta kan inda kake shimfiɗa buzunka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sanyaya hannun nan, Ya sanyaya min zuciya ni ma. Ka huta lafiya.

Ɗanka Habibu,
mai tausa, wanda ka bari ya taɓa ka bayan ka daina ji.