Abin da Mushe ya faɗa

Zango, daren Talata, 1959

Yau na je neman aikin kuku a lakwal, makarantar bokon garinmu. Darakta ya ce, "Malam Isuhu, Bafaranshen da ka yi wa girki ya ce tarin fuka ne ya raba ku."

Na ce na warke tun bara, likita ya sallame ni. Ya ce in yi haƙuri.

Mushe, wato Bafaranshen, shi kaɗai na gaya wa ciwon nan, don kada ya zaci gudu na yi. Ban san sirrina ya zama nasa ba. Ko Hajara matata, mura na ce mata.

Mai gadin lakwal maƙwabcinmu ne, yana bakin ƙofa lokacin da Darakta ke magana. Da magariba Hajara ta kawo mini ruwa a sabon ƙoƙo, ba wanda muke sha tare ba. Na sha.